Hisabin Mai Gida Kafin Ya Ɗora Sola Bisa Kwanonsa

Wanda duk ya hau bene a Kano ko Katsina ko Maraɗi a 'yan shekarun nan, ya kai dubansa bisa rufin gidajen unguwa, lalle zai ga abin da shekaru goma da suka shige ba a ganinsa sai a gidan attajiri ko a kan rijiyar burtsatsen hukuma, wato farantan sola baƙaƙe masu sheƙi, waɗansu a jere bisa ƙarfe cikin tsari, waɗansu kuwa an aza su ne kurum an danne da bulo. Abin ya yawaita har ya zama mas'alar da magidanta ke tattaunawa a majalisa bayan La'asar, kowa da abin da ya ji, wannan ya ce tun da ya sa bai ƙara taka gidan mai da galan ba, wancan ya ce ƙanensa ya zuba dukiya mai yawa amma shekara ba ta zagayo ba batir ya mutu. Dukansu biyu ba ƙarya suka yi ba, illa dai sun saya ne ba tare da hisabi ba, ɗaya ya dace, ɗaya bai dace ba. Alhali kuwa sha'anin yana cikin abubuwan da mutum ke iya aunawa da alƙalami tun kafin ya fitar da sisin kwabo.

Dalilan da suka kora jama'a zuwa ga rana ba ɓoyayyu ba ne. Nijeriya, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wutar da ke bin wayoyinta kullum ba ta cika wuce megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar ba, kuma sauya sunan NEPA zuwa PHCN a 2005, da sayar da kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, ba su hana yara ci gaba da ihun "NEPA ta kawo!" ba. Abin da ya riƙe mutane tsawon wannan zamani shi ne janareto da fetur mai araha, har zuwa ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta ƙarewar tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama a watan Oktoba na 2024. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga mutanen rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, daga kimanin naira 68 zuwa 225, kafin daga bisani a ɗan sassauta shi. Sa'an nan a ƙarshen Oktoban, bayan an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Inugu da Makurɗi shi ma ya samu matsala, akasarin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda, ƙanƙara ta yi tsada, masu walda da masu niƙa suka zauna hannu rabbana. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun riga mu ɗanɗanawa, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba su, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin Nigelec ke rabawa, ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024, kuma a cikin wannan ƙunci ne tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara taimakon birnin Yamai.

A ɗaya gefen kuma farashin faranti ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda masana'antun ƙasar Sin da ke ƙera fiye da kashi 80 na kayan. Mu dai ba mu ji daɗin wannan rahusa yadda ya kamata ba, domin nairar da aka saki a watan Yuni na 2023 ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024, ta cinye mafi yawan sauƙin tun kayan ba su bar tashar jiragen ruwa ta Ikko ba. Duk da haka, a cikin kayan sola gaba ɗaya faranti shi ne mai sauƙin kuɗi kuma mai tsawon rai, masu ƙera na kirki suna ba shi lamunin shekara 25, ƙarfinsa ba ya raguwa sai da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Kuma Allah Ya hore wa ƙasar Hausa rana, gwargwadon awa biyar zuwa shida na cikakken haske a yini, wanda Bature a Jamus ba ya samun fiye da rabinsa sai kaɗan.

To, me ya sa Bajamushen ya riga mu cin moriyar abin? Saboda tun shekara ta 2000 dokar ƙasarsa ta wajabta wa kamfanin wuta ya sayi rarar da rufin gida ya samar da rana, shi kuma mai gida ya jawo tasa daga layi da dare, layin da ba a ɗaukewa. Don haka yana iya sa faranti ba tare da batir ko ɗaya ba. Mafi yawan gidajenmu ba su da wannan hanya, kuma buƙatarmu mafi tsanani da dare take, lokacin da ɗaki ya ɗauki zafin bazara, sauro ya taso, jariri ya ƙi barci. La budda sai mun tara wutar rana mun ajiye ta, ma'ajiyar kuwa ita ce batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan kuma shi ne mafi gajeren kwana. A nan shawarar duka ta rataya, kuma a ganina duk wanda ya shiga cinikin sola yana ƙirga faranta, bai tambayi shekarun da batir zai yi ba, bai fara hisabin ba tukuna.

In ka shiga shagon mai sayar da kayan a kasuwar Sabon Gari, in mutumin kirki ne, kafin ya ambaci kuɗi zai ce maka, "Alhaji, me da me za ka ɗora mata?" In kuwa ya fara da cewa wannan inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, tana ɗaukar gida duka, to ka riƙe aljihunka. Amsar tambayar tana rubuce a bayan kowace na'ura, inda aka buga yawan wat ɗin da take ci, sai mutum ya ninka shi da awannin da yake kunna ta. A ɗauka gida ne mai fanka uku, kowace wat 70, suna juyawa awa goma, ka ga wat 2,100 ke nan. Ƙwan lantarki takwas na zamani masu wat 10, awa shida, 480. Talabijin mai wat 80, awa biyar, 400. Cajin wayoyi a ba shi 100. Ƙaramin firji kuma a yi masa kintacen 1,200 a yini. Jimla ta tashi 4,280, wato yunit huɗu da ɗan ɗoriya, in an ƙara abin da ke zubewa a waya da inbata da batir, sai a ce biyar da rabi. Faranti mai wat 550 yana ba da kimanin yunit biyu a yini a ƙasarmu, don haka uku sun yi kifaya. Amma da zarar mai gida ya ce a sa masa esi guda ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya ta kwana tana aiki, ita kaɗai za ta nemi wajen yunit shida, wato fiye da abin da sauran gidan duka ke ci, kuma duk daga batir za ta sha. Dutsen guga da tukunyar dafa ruwa su ma haka suke, sai dai su ana iya yi musu dabara a kunna su da hantsi, lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye.

Batir kamar randa yake, abin da aka zuba da rana shi za a sha da dare, sai dai ba kowace randa ake kwarfewa har ƙasa ba. Na dalma, wanda ake ƙara masa ruwa, mai lamba 200 da bolt 12, a rubuce yana ɗauke da yunit biyu da ɗigo huɗu, amma in ana son ya yi kwana ba a cin fiye da rabi, kuma zafi maƙiyinsa ne, domin masana sun tabbatar duk ƙarin digiri takwas zuwa goma bisa 25 yana rage rabin rayuwarsa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Kano da Sakkwato yana haura 40, ga shi sau da yawa a lungun da iska ba ta shiga ake cusa shi. Shi ya sa za ka ji wanda aka ce masa shekara biyar yana kuka a ta biyu. Na litiyam kuwa, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, na kirki yana iya kai shekara goma, ba ya neman ruwa, ba ya fitar da tururi mai cin hanci. Aibinsa guda ne, kuɗinsa a dunƙule ake nemansa ranar farko. Wanda ya raba farashin kowanne a kan shekarun da zai yi aiki, galibi zai tarar mai tsadar ne mai sauƙi, na gwanjo kuwa da ake kawowa bayan ya gama aiki a wata ƙasa, araha ce wadda ba ta ado.

Shin kowa ne ya kamata ya saya? A'a. Wanda ke kan layin rukunin A, kuma da gaske yake samun awa ashirin ɗin, yunit biyar a yini a farashin 2024 ba za su ci masa fiye da naira dubu ɗaya da 'yan kai ba, wajen dubu talatin da 'yan kai a wata, kuma zai daɗe kafin kayan miliyoyi su mayar masa da kuɗinsu. Irin wannan ƙaramar inbata da batir ɗaya, da zai cika daga layi ya rufe masa giɓin 'yan awanni, sun ishe shi. Mutumin da abin ya fi yi wa rana shi ne mai tayar da janareto kowane dare. Ƙaramin inji da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda, sau da yawa ma ba ya kaiwa, wanda ke nufin wutarsa ta ninka ta rukunin A tsada fiye da sau biyu, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike da ƙarar da ke hana maƙwabci barci, ban da kuma hayaƙin da ya sha hallaka iyali guda a ɗaki cikin dare. In yana ƙona lita biyu a dare a kan naira 900, ya kashe 54,000 a wata, kusan 650,000 a shekara, kuma wannan adadi shi ne mudun da zai auna duk wani farashi da aka faɗa masa: kayan da suka yi daidai da fetur ɗinsa na shekara biyu ko uku, batirinsu kuma zai wuce haka da nisa, ciniki ne mai albarka.

Akwai kuma wani kaso da masu hisabi ke mantawa da shi, wato matan da ke sana'a a cikin gida. Uwargidan da ke ƙulla zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, firizarta da rana ta fi buƙatar wuta, kuma sanyin da ta tara shi kansa ajiya ne da ke kai ta asuba in ba a yawaita buɗewa. Haka mai keken ɗinki, haka mai famfon rijiyar da ke cika tanki da azahar. Waɗannan suna iya farawa da faranta masu yawa da batir kaɗan, wato su ɗauki ɓangaren mai araha mai daɗewa su bar mai tsadar, kuma abin da suke samu a ciniki shi zai biya kayan. A ra'ayina babu wanda ya fi su cancantar a ba shi sola bashi, ko da yake su ne ba a cika tunawa da su ba in an zo rabon rance.

Sai maganar yadda za a biya, wadda ita ce ta fi raba kan mutane. Lakadan ya fi komai sauƙi ga mai hali, da sharaɗin kada ya sayar da abin da ke haihuwa, kamar gona ko saniya ko jarin shago, don ya sayi abin da ke tsufa. Adashi hanya ce da muka gada, babu kuɗin ruwa a cikinta, amma a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta bayyana na Disambar 2024, mai ɗaukar ƙarshe ya karɓi adadin da ya zuba ne kurum, ƙimarsa kuwa ta zube a hanya. Don haka mai niyyar sola ya nemi kwasar farko ko ta tsakiya, ya kuma sayi kayan a makon da ya kwasa. Saye da kaɗan-kaɗan shi ma yana yiwuwa, muddin an fara da inbatar da za ta ɗauki ƙari nan gaba, domin faranti ana ƙara shi ba wahala, amma haɗa sabon batirin dalma da tsoho zalunci ne ga sabon, tsohon zai jawo shi ƙasa su mutu tare. Ma'aikatan da ke da ƙungiyar gama-kai a wurin aiki, wadda ke saye ta riƙa cira daga albashi, su ma suna da ƙofa mai sauƙi.

Rancen banki na kuɗin ruwa kuwa, ko an ajiye hukuncinsa na shari'a gefe, wanda ba ya ɓuya ga Musulmi, lissafi kaɗai ya isa ya tsorata mutum. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, bankunan kasuwa kuma bisa wannan suke ɗorawa. Wanda ya ranci miliyan ɗaya a kan kashi 30, zai biya cikin wata 36, kowane wata zai ba da kimanin naira 42,000, jimla ta haura miliyan ɗaya da rabi. In batirin dalma ya saya da kuɗin, akwai yiwuwar ya mutu a wata na ashirin da huɗu, mai gida ya wayi gari yana biyan bashin mushe, yana kuma neman kuɗin sabo, ga janareto ya dawo bakin aiki. Ƙa'idar da nake ganin bai kamata a ƙetare ta ba ita ce, kada ajalin bashi ya wuce lamunin da aka rubuta wa batir.

Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, sun ginu ne bisa ƙa'idoji irin su murabaha, wato banki ya sayi kaya ya mallake su, sa'an nan ya sayar wa mai buƙata da riba sananniya zuwa ajali sananne. Jamhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na lakadan, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, bisa sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya kafin a rabu, kuma kada a ƙara wa mai saye ko anini in ya yi jinkirin biya, domin wannan ƙarin shi ne ainihin abin da aka haramta. Amma halacci daban, araha daban: ciniki yana iya inganta a shari'a ya kuma yi tsada, saboda haka mai saye ya nemi a faɗa masa jimlar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, ya ajiye ta kusa da farashin kasuwa ya duba tazarar.

Ga masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai tsarin biya-ka-haska, wanda kamfanin M-KOPA ya shahara da shi a Kenya a farkon shekarun 2010, irin su Sun King da d.light da Lumos kuma suka yaɗa shi a Nijeriya. Mutum ya ba da kafin alƙalami, a ba shi ƙaramin faranti da akwatin batir da ƙwai uku ko huɗu, wani lokaci har da fanka ko talabijin, ya riƙa biya ta waya kowane mako ko wata, ranar da bai biya ba akwatin ya kulle kansa. Ga ƙauyen da turken wuta bai taɓa isa ba, wanda kuɗinsa ke tafiya a batirin tocila da cajin waya a kasuwa, wannan rahama ce, kuma irin wannan ne shirin DARES, da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disambar 2023, ke nufin tallafawa ta hannun Hukumar Samar da Wuta a Karkara. Sai dai akwai tambayar da ta wajaba a yi wa wakilin kamfani tun bai buɗe kwali ba: wannan saye ne ko haya? In bai'i ne, kayan naka ne, bayan biyan ƙarshe a buɗe maka su har abada. In ijara ce, na kamfani ne, lalacewar da ba ta ganganci ba a wuyansa take. Yarjejeniyar da ta bar wannan a duhu, ko ta yi shiru a kan makomar kuɗin wanda ya biya rabi ya gaza, akwai garari a cikinta, ya kamata a kai takardar gaban malami da gaban wanda ya iya lissafi kafin a dangwala hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, amma har gobe za ka ga dattijo ya karɓi kayan miliyan biyu da "Allah Ya kai mu" kaɗai.

Mai zaman haya ya nemi yardar mai gida a rubuce cewa kayan nasa ne ranar tashi, ya kuma zaɓi irin waɗanda ake kwancewa. A gidan gado kuwa, inda ƙofa biyar ke shan inbata ɗaya, in ba a yanka wa kowa rabonsa na wuta da na kuɗin sabon batir tun farko ba, dutsen gugar amarya ɗaya ya isa ya haddasa shari'a.

Rufin kansa yana da hakki. A Kano, da ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, faranti kudu yake fuskanta, a ɗan karkace shi digiri goma zuwa goma sha biyar don ruwa ya wanke shi, a bar masa tazara da kwano don iska ta ratsa, domin shi ma zafi yana rage masa ƙarfi. A ɗaure shi da ƙarfe a jikin katakon rufi, a toshe ramin kowane ƙusa, saboda guguwar farkon damina da ke yaye kwano ba za ta ji nauyin bulo ba. A duba inuwar darbejiya da ta tankin ruwa, wadda in ta rufe kusurwa ɗaya takan raunana jerin duka. Da hunturu, sa'ad da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe gari, sai an riƙa hawa da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Waya kuma a sa mai kauri ta jan ƙarfe, da fis tsakanin batir da inbata, da sandar da ke kai tsawa ƙasa. Siririyar waya da haɗin da bai ɗauru ba su ne ke ɗaukar zafi har su tayar da gobara, kuma kuɗin ƙwararren mai haɗawa bai kai kuɗin silin ɗaki ɗaya ba. Kafin a sallame shi, a sa ya auna abin da faranti ke fitarwa da tsakar rana a gaban mai gida, a gwada da abin da aka buga a bayansa, domin takardar da ake mannawa ba ta da wuyar bugawa.

Ranar da batirin dalma ya mutu kuma, kada a jefar da shi a bayan ɗaki, kada a bar yara su fasa shi su sayar wa 'yan jari-bola. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, sa'ad da aka riƙa dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ruwansa kuma yana ƙona fata yana makantar da ido. A mayar da shi ga dillalin da za a sayi sabo a wurinsa, a rufe yadda yake, a ce ya cire kuɗinsa daga farashin sabon.